Tseren Motocin NASCAR: Wasan Motsa Jiki Ne Ko Tuƙi Kawai?

A watan Nuwamban 2013, ana saura kwana biyu direba Jimmie Johnson ya ɗauki kambun gasar NASCAR karo na shida, wani tsohon tauraron ƙwallon zari-ruga ta Amurka mai suna Donovan McNabb ya fito a talabijin ya ce shi kam bai ɗauki Johnson a matsayin ɗan wasan motsa jiki ba, tunda zama kawai yake yi a mota yana tuƙi. Maganar ta tayar da ƙura, direbobi da magoya bayansu suka yi masa ca. Amma ba shi ya fara faɗin haka ba. Tun da aka kafa wannan gasa ake jifan ta da kalamai iri biyu: wai inji ne yake yin aikin, wai kuma ba abin da direbobin suke yi illa shan kwanar hagu har rana ta faɗi. Ni ina ganin duka biyun ba su da tushe mai ƙarfi. Akwai dai wani zargi na uku da ya fi su nauyi, wanda masu suka ba su cika kawo shi ba, kuma shi ne ya cancanci a tsaya a kansa.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, tsere ne na motoci masu rufi, waɗanda daga nesa za ka ɗauka irin na kan titi ne, na kamfanonin Chevrolet da Ford da Toyota. Ana jera har mota 40 a fili, galibi mai siffar ƙwai, su yi ta zagayawa na tsawon awa uku zuwa huɗu. Babban rukunin gasar yana da tsere 36 na neman maki a shekara, daga Fabrairu zuwa Nuwamba. Mafi shahara shi ne Daytona 500 a jihar Fulorida, zagaye 200, kimanin kilomita 805. Mafi tsawo kuma shi ne Coca-Cola 600 a Charlotte, kusan kilomita 965. Motar kanta kama ce kawai take yi da ta kasuwa. Ba ta da ƙofa, ta taga direba yake shiga. Fitilun gaba hoto ne aka manna. Cikinta ƙarafa ne aka saƙa kamar keji, da kujera guda, da inji mai silinda takwas da ke ba da ƙarfin dawaki wajen 670 a wasu filaye, nauyinta kuma ya kai tan ɗaya da rabi.

Rainin da ake yi wa wasan yana da nasaba da inda ya fito. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da barasa, kuma ko bayan an ɗage haramcin, talakawan ƙauyukan kudu, musamman na yankin duwatsun Appalachia, sun ci gaba da dafa tasu a ɓoye don gudun haraji. Masu kai ta birni cikin dare sai suka riƙa gyara motocinsu, su ƙara wa inji ƙarfi, su ƙarfafa sifirin don ɗaukar kaya, amma su bar bodi yadda yake don kada 'yan sanda su gane. Ranar hutu kuma su haɗu a fili su gwada ta wa ta fi gudu. Wani makanike mai suna Bill France ne ya tara masu harkar a otal ɗin Streamline da ke Daytona Beach a Disamban 1947, aka kafa NASCAR a Fabrairun 1948. A tseren farko na motocin kasuwa, a Charlotte ranar 19 ga Yunin 1949, wanda ya fara isa, Glenn Dunaway, an ƙwace nasararsa aka ba Jim Roper, saboda an gano an taɓa sifirin bayan motarsa irin yadda 'yan fasa-ƙwaurin barasa suke yi. Junior Johnson, ɗaya daga cikin manyan gwarzayen wasan, sai da ya yi wata 11 a kurkuku bayan an kama shi a matattarar barasar mahaifinsa a 1956. Shugaba Ronald Reagan ne ya yi masa afuwa a 1986. Saboda haka mutanen manyan biranen arewacin Amurka suka daɗe suna kallon abin a matsayin shagalin ƙauyawa marasa boko. Wani kaso na musun da ake yi har yau ragowar wannan kallon hadarin kaji ne, ba binciken abin da ke faruwa a cikin mota ba.

Batun cewa inji ne ke aiki, amsarsa ba ta da nisa da mu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin sukuwa, ko ya kalli folo a Kaduna ko Katsina, ya san doki ne yake gudu, amma ba mai hankalin da zai ce mahayin ɗan rakiya ne. Ka ɗora mutum biyu a kan doki guda, ɗaya ya ci tsere da shi, ɗaya ya sha ƙasa tun a kwanar farko. Gasar Olamfik ma tana ba da lambar zinare a hawan doki da tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska, inda ƙarfin tafiyar ba daga jikin ɗan wasa yake fitowa ba. Kwamitin Olamfik ɗin kuma ya amince da FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, a matsayin hukumar wasanni tun 2013. Abin dubawa shi ne ko gwanintar mutum tana sauya sakamako. A NASCAR tana sauyawa ƙwarai, domin dokokin gasar sun matse motocin har sun kusa zama ɗaya. Tun daga 2022 yawancin sassan motar daga masu ƙera guda kowa yake saya. A gwajin gudun da ake yi kafin tsere, sau da yawa tazarar na ɗaya da na talatin ba ta kai daƙiƙa guda ba. A Kansas a watan Mayun 2024, bayan an shafe sama da kilomita 600 ana fafatawa, Kyle Larson ya riga Chris Buescher tsallake layi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan injuna sun yi kunnen doki haka, ragowar bambancin yana hannun mai riƙe da sitiyari da mutanen da ke bayansa.

Sai maganar shan kwanar hagu, wadda ita ce aka fi yi wa dariya, alhali nan ne wahalar take. Kwana a filin Daytona ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, an karkata ta digiri 31, ta Talladega a jihar Alabama kuma 33, gangaren da mutum a ƙafa sai ya dafa kafin ya hau. Motoci suna shiga wannan kwana da gudun kilomita 300 a awa, uku a jere kafaɗa da kafaɗa, layi bayan layi, bambar ta baya tana taɓa ta gaba. A irin wannan gudu iska takan zama abokiyar gaba kuma abokiyar tafiya. Motar da ke gaba tana keta iska, ta baya ta laɓe a bayanta ta samu sauƙi, ta tara ƙarfi, sannan ta fito ta wuce. Junior Johnson ne ya fara cin moriyar wannan dabara a Daytona a 1960, lokacin da ya lura Chevrolet ɗinsa da ba ta kai Pontiac gudu ba tana iya manne musu idan ya shiga bayansu, kuma da haka ya ci tseren. Yau kowane direba ya san cewa idan ya fita daga layi ba tare da wani ya biyo shi ya tura shi ba, cikin zagaye guda zai iya komawa daga na uku zuwa na ashirin da biyar. Dole ya karanta niyyar mutum goma a lokaci guda, ya san wa zai bi shi, wa zai yaudare shi, alhali hular kwano da kujerar da ta rungume kansa ba sa barin ya waiga. Wani mutum ne da ke tsaye a saman rumfar 'yan kallo yake gaya masa ta rediyo cewa akwai mota a damansa, akwai a hagunsa, yanzu hanya ta buɗe.

Kuma kwanar da aka sha a zagaye na goma ba ita ce ta zagaye na ɗari da hamsin ba. Taya tana cinyewa, mai yana raguwa nauyin mota ya sauya, rana tana gasa kwalta ta yi santsi, inuwa ta sauko ta sake kamawa, robar tayoyi tana taruwa a wani layi ta bar wani. Wani lokaci gaban motar ya ƙi juyawa ya nufi katanga, wani lokaci bayanta ya nemi zamewa ya wuce gaba. Direba da jikinsa yake jin wannan, ta ƙugu da tafin hannu, ya kwatanta wa shugaban makanikai, shi kuma ya yanke shawarar abin da za a gyara a tsayawa ta gaba. Motar ko ma'aunin gudu ba ta da shi. Idan zai shiga layin gyara, inda aka ƙayyade gudu, juyin inji yake kallo ya ƙiyasta, in ya zarce kaɗan a hukunta shi, tseren awa uku ya lalace.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta baƙin da suka zo daga wasu gasanni. Juan Pablo Montoya ɗan ƙasar Kolombiya ya ci tsere 7 a Formula One, ya ci Indianapolis 500 a 2000, ba mai musun cewa yana cikin gwanayen zamaninsa. Ya koma NASCAR ya yi cikakkun shekaru bakwai, daga 2007 zuwa 2013. Sau biyu kacal ya yi nasara a babban rukuni, a Sonoma da Watkins Glen, kuma duka biyun filaye ne masu kwana dama da hagu irin waɗanda ya saba. A fili mai siffar ƙwai, wanda ake cewa yaro ma zai iya, bai taɓa ci ba ko sau ɗaya. Dario Franchitti ya zo a 2008 da kambun IndyCar a hannunsa, bai ƙarasa shekarar ba ya koma inda ya fito. Da abin sauƙi ne, da waɗannan sun kwashe kofunan sun tafi.

Jiki kuma yana biyan nasa kuɗin. Zafin cikin motar a lokacin bazara yakan kai digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin salshiyos, domin inji yana gaba, bututun hayaƙi yana bi ta ƙarƙashi, ga rigar kariya daga wuta mai rufi-rufi, ga safar hannu, ga hular kwano. Ƙasan motar yakan yi zafin da sai an sa wa diddige kariya don kada ya ƙone. Direba yakan zubar da kilo biyu zuwa huɗu na gumi kafin a tashi, zuciyarsa tana bugawa kamar ta mai gudun dogon zango, kuma a kowace kwana nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu ko uku yana danna shi gefe, sau ɗaruruwa. Ba hutun rabin lokaci irin na ƙwallon ƙafa da za a je ɗaki a sha ruwa a miƙe ƙafa, ba kuma canjin ɗan wasa don ya gaji. Hayaƙin da ke kutsawa ciki ma guba ne. Shi ya raba Rick Mast da sana'ar, ya sanar da ajiye tuƙi a 2003 bayan ya daɗe yana shaƙarsa. A 2001 Tony Stewart ya yi Indianapolis 500 da rana, ya hau jirgi zuwa Charlotte ya yi Coca-Cola 600 da daddare, mil 1,100 a yini guda, ya zo na shida a na farko, na uku a na biyu. Shi kuwa Jimmie Johnson, wanda kamfanin dillancin labarai na AP ya zaɓa gwarzon ɗan wasan shekarar 2009, ya shiga gudun fanfalaki na Boston a 2019 yana da shekara 43, ya gama cikin awa 3 da minti 9.

Gaskiya ne ba kowane direba ne mai irin wannan jiki ba. An yi Dick Trickle da yake kunna taba a cikin mota idan an rage gudu saboda haɗari, an yi Harry Gant da ya ci tsere yana da shekara 52 a 1992, abin da ke da wuya ƙwarai a dambe ko tseren mita ɗari. Wannan yana nuna cewa wasan ya fi dogara ga juriya da natsuwa da saurin yanke shawara fiye da ƙarfin damtse. Haka harbin bindiga da na kibiya suke, kuma ba a kore su daga Olamfik ba. Wanda kuma yake son ganin ƙarfin damtse tsagwaronsa, ya kalli layin gyara. Mutum biyar ne suke tsallake katanga idan mota ta tsaya: mai jak, mai zuba mai da tulun da ya kai kilo 40 a kafaɗa, masu kwance taya biyu, da mai ɗauko ta. Su canja taya huɗu su cika tanki cikin kimanin daƙiƙa goma, wasu motoci suna wucewa dab da ƙafafunsu. Manyan ƙungiyoyi daga cikin tsofaffin 'yan ƙwallon jami'o'i suke ɗauko su, suna da masu horarwa da ɗakin motsa jiki, suna kallon bidiyon kurakuransu kamar kowace ƙungiyar ƙwallo.

Ba na cikin masu cewa haɗari shi ne shaidar wasa, domin ganganci ma yana kashewa. Amma mai raina wannan sana'a ya tuna da ranar 18 ga Fabrairun 2001, da Dale Earnhardt, mai kambu bakwai, ya daki katanga a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe na Daytona 500, ƙashin gindin ƙoƙon kansa ya karye, ya rasu. A shekarar da ta gabaci wannan, irin wannan rauni ya kashe Adam Petty yana ɗan shekara 19, da Kenny Irwin. Bayan haka ne aka wajabta na'urar da ke riƙe kai da wuya, aka lulluɓe katangu da abin da ke tsotse ƙarfin karo. Abin ya yi amfani, domin a 2020 motar Ryan Newman ta wuntsila a Daytona wata ta dake ta a daidai gefen direba, kwana biyu bayan haka ya fito daga asibiti da ƙafarsa. Duk da haka girgizar ƙwaƙwalwa ta hana Dale Earnhardt ƙarami rabin kakar 2016, ita ce kuma ta kawo ƙarshen tseren Kurt Busch bayan haɗarin da ya yi a filin Pocono a 2022.

Inda masu suka suke da gaskiya, ba a wajen direba ba ne. Da farko akwai ƙofar shiga. Yaron da ke da baiwar ƙwallo yana iya nuna ta da ƙwallon tsumma, amma mai baiwar tuƙi sai iyayensa sun kashe dukiya tun yana ƙarami, kuma a ƙananan rukunoni sau da yawa mai kawo kuɗin talla ne yake samun kujera, ba wanda ya fi iyawa ba. An kuma daɗe ana rufe ƙofar da gangan. Wendell Scott, baƙar fata na farko da ya ci tsere a babban rukuni, a Jacksonville ranar 1 ga Disamban 1963, ya tsallake layi yana gaba amma aka sanar da Buck Baker, farar fata. Sai bayan an watse aka gyara sakamakon, kofin kuwa sai a 2021 aka miƙa wa iyalansa, kusan shekara 31 bayan rasuwarsa. A 2021 ɗin ne kuma Bubba Wallace ya zama baƙar fata na biyu da ya ci, a Talladega. Gasar da ba kowa ke iya shiga ba, da wuya a ce zakaranta ya fi kowa.

Babbar matsalar kuwa ita ce hannun masu gida. NASCAR ba hukuma ce da ƙungiyoyi suka zaɓa ba, kamfani ne na iyalan France. Su ke rubuta doka, su ke alƙalanci, su ke da filaye da dama daga cikin manyan, su ke cinikin haƙƙin nunawa a talabijin. Har sai da ƙungiyar 23XI, wadda tsohon tauraron ƙwallon kwando Michael Jordan yake cikin masu ita, ta maka su a kotu a 2024 kan zargin babakere. Mai gida irin wannan yana da jarabar ya gyara wasa don ya yi daɗin kallo. Sun kuma san daɗin abin tun 1979, lokacin da aka fara nuna Daytona 500 kai tsaye daga farko har ƙarshe, Cale Yarborough da Donnie Allison suka yi karo a zagayen ƙarshe suka fito suka kaure da dambe a gaban kyamara, farin jinin gasar ya bazu a ƙasar baki ɗaya.

A 2003 Matt Kenseth ya ɗauki kambu da nasara guda tak saboda ya fi kowa tara maki a shekara, sai aka ce abin ya yi lami. A 2004 aka shigo da zagayen ƙarshen kaka, inda ake kusantar da makin na gaba-gaba. A 2014 aka ƙara gishiri, aka koma sallamar direbobi kashi-kashi har a rage huɗu, tsere guda ya raba gardama. A 2017 aka fara tsayar da tsere a tsakiya da gangan, a tattaro motoci wuri guda, wanda ya sha wuya ya ba da tazara ya ga ta tafi a banza. Sakamakon bai ɓuya ba. Kevin Harvick ya ci tsere 9 a 2020, bai ko shiga huɗun ƙarshe ba. Kyle Larson ya ci 6 a 2024, shi ma haka, kambun ya tafi ga Joey Logano wanda matsakaicin matsayin da ya riƙa ƙarewa a tserukan shekarar ya tsaya wajen na 17. Irin wannan tsari yana kuma haifar da maguɗi. A Richmond a 2013 Clint Bowyer ya juya motarsa ana dab da tashi, abin da ya taimaki abokin ƙungiyarsa Martin Truex. Hukumar ta ci tarar ƙungiyar dala 300,000, ta cire Truex daga zagayen ƙarshen kaka, sannan ta ƙara Jeff Gordon a matsayin na 13 a zagayen da doka ta ce mutum 12 ne. An hukunta masu laifi, amma an nuna wa duniya cewa ana iya sauya doka bayan an tashi wasa. Wannan ya fi duk wata dariyar kwanar hagu cutar da mutuncin gasar, kuma masoyanta na gaskiya sun fi kowa jin zafinsa.

Hukuncina shi ne tseren NASCAR wasa ne na gaske, direbobinsa da masu canja musu taya 'yan wasa ne da suka cancanci a kira su da sunan, ba alfarma aka yi musu ba. Akwai doka, akwai horo, akwai gwaninta da ake iya aunawa, akwai jiki da ke jigata, kuma ba a san wanda zai ci ba sai an kaɗa tuta. Abin da ya rage yana wuyan masu gasar: su daina sa hannu a sakamako don neman 'yan kallo, su sassauta ƙofar shiga, su bar kambu ya tafi ga direban da ya fi kowa daga Fabrairu zuwa Nuwamba.